Madatsar Kandaji: littafin bibiyar aiki

3 ga Agusta 2008

Yau, ranar bikin samun 'yancin kai, Shugaban Nijar Tandja Mamadou ya aza tubalin farko na madatsar ruwa ta Kandaji a jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso yamma da Yamai, kusa da iyakar Mali. Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin yake tafiya, musamman ta fuskar tsari da kuɗi, saboda tun shekarun 1970 ake maganar Kandaji, kuma waɗanda suka fara jin labarinta suna samari yanzu furfura ta cika musu kai.

Abin da ya ɗaure ni da wannan aiki ya faru ne a watan Yunin 1985, lokacin da kogin Isa, wato kogin Neja, ya daina gudu a Yamai. Na tsaya a kan gadar Kennedy na ga yashi a inda na saba ganin jiragen Sarkawa, mutane kuma suna ratsawa da ƙafa zuwa Harobanda. Babban birnin ƙasa ba shi da wata madogara ta ruwan sha da ta wuce wannan kogi, domin daga cikinsa tashoshin tace ruwa na Gudel da Yantala suke ɗiba. Bayan wannan firgici an gina ɗan shinge a Gudel don a tare abin da za a lallaɓa da shi idan kogin ya janye, amma tanadi ne na ɗan lokaci, kuma birnin kullum ƙaruwa yake yi.

Wanda bai san halin kogin ba zai yi mamakin yadda ruwa mai wannan girma yake ƙafewa. Cika biyu yake yi a shekara. Ta farko ita ce ta damina, a Agusta da Satumba, wadda jan ruwan Gorouol da Dargol da Sirba suke kawowa daga wajen Burkina Faso. Ta biyu kuwa ruwan tsaunukan Gini ce, wanda yake daɗewa a hanya saboda yana bazuwa cikin manyan fadamun tsakiyar Mali, har sai Disamba ko Janairu yake iso mana. Daga nan sai ruwan ya fara ja da baya, ya kai ƙarshen ƙarancinsa a Mayu da Yuni, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani kuma buƙata ta fi yawa. Hikimar Kandaji ita ce a ajiye rarar watannin cika a cikin tafki mai ɗaukar kusan kubik mita biliyan 1.6, a riƙa sakinta a bazara yadda gudun ruwan ba zai gaza kubik mita 120 a kowace daƙiƙa ba a Yamai. Na yi lissafi da kaina: wannan ya haura kubik mita miliyan 10 a yini, wato kimanin biliyan ɗaya cikin kwana ɗari. Ke nan girman tafkin bai yi yawa ba, an auna shi ne daidai da tsawon bazararmu.

A jawaban yau an fi ambaton wutar lantarki, kuma na fahimci dalili, tunda ita ce mutanen birni suke jin zafinta kullum. A wurina dai ruwan sha da noman rani su ne gaba, lantarki kuma riba ce da ta biyo baya.

Disamba 2008

Na ɗauki watannin nan ina ƙoƙarin fahimtar inda kuɗin zai fito. A ƙarshen bara an yi taron masu ba da lamuni a Jidda ƙarƙashin jagorancin Bankin Musulunci, inda aka yi alkawuran farko. Cikin waɗanda ake sa ran hannunsu akwai Bankin Raya Afirka, da bankin raya Afirka ta Yamma na BOAD, da bankin zuba jari na ECOWAS, da bankin Larabawa na raya Afirka, BADEA, da asusun ƙungiyar OPEC, da asusun raya ƙasashe na Kuwaiti da na Saudiyya. Yawan sunayen nan yana faranta rai, amma kowannensu yana da nasa ƙa'idojin ba da kwangila, da nasa sharuɗɗan sakin kuɗi, da nasa lokacin zaman hukumar gudanarwa. Gini ɗaya ne, aljihu kusan goma, kuma idan ɗaya ya makara dole sauran su tsaya jiransa, domin ba a gina rabin madatsa a tara rabin ruwa.

Ta fuskar maƙwabta an share hanya. A watan Afrilun bana shugabannin ƙasashe tara na Hukumar Kogin Neja, wadda hedkwatarta take nan Yamai, sun amince da yarjejeniyar amfani da ruwan kogin da kuma shirin da ya ƙunshi manyan madatsu uku: Fomi a Gini, Taoussa a Mali, da Kandaji. Wannan yana da muhimmanci saboda Najeriya, wadda madatsunta na Kainji da Jebba suke ƙasa da mu. A can an daɗe ana cewa ana ba Nijar wuta ne don kada ta datse kogin. Tunda yanzu magana ta shiga takarda kuma an sa hannu a gaban kowa, masu ba da lamuni sun rasa wani babban dalilin ɗari-ɗari.

19 ga Fabrairu 2010

Jiya sojoji sun kifar da gwamnatin Tandja. Ba siyasa nake rubutawa a nan ba, amma dole in ajiye wannan rana, saboda bankunan raya ƙasa ba sa gaggawar sakin kuɗi a lokacin riƙon ƙwarya. Shekara ɗaya da rabi bayan aza tubali, ba a soma ginin madatsar kanta ba.

Mayu 2011

Sabon shugaban ƙasa Issoufou Mahamadou, wanda aka rantsar a watan jiya, ya ƙaddamar da ginin. Kamfanin Zarubezhvodstroy na Rasha ne ya sami kwangilar a bara. Madatsar tulin ƙasa ce mai tsawon sama da kilomita 8, da sashen kankare a tsakiya inda ƙofofin sakin ruwa da tashar lantarki za su kasance. Tsawon ya yi yawa ne saboda shimfiɗar ƙasarmu. Ba mu da kwazazzabon da za a toshe da gajeren bango. Wannan shimfiɗa tana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba: tafkin zai yi faɗi ba tare da zurfi sosai ba, kimanin murabba'in kilomita 280 idan ya cika, kuma a Sahel rana da iska suna ɗauke fiye da mita 2 na ruwa daga saman tafki a shekara. Ko da yake faɗin yana raguwa yayin da ake sakin ruwa, abin da zai tashi sama ba kaɗan ba ne, kuma ya kamata masu rabon ruwa tsakanin birni da gonaki su sa shi a lissafi tun yanzu.

Oktoba 2012

Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 203. Kuɗin ba na bangon madatsar ba ne. An ware shi ne ga tashar lantarki mai ƙarfin megawat 130, da shirya filayen noman rani, da ayyukan raya ƙauyukan yankin. Burin da ake faɗa yanzu shi ne hekta 45,000 na noman rani a kwarin kogin nan gaba, amma abin da ke hannu shi ne hekta 2,000 a Kandaji da Famale da Gabu, waɗanda aka tanada domin mutanen da aikin zai raba da gonakinsu.

A nan ne nake ganin asalin wahalar aikin take. Rukunin farko na waɗanda za a tayar, wato mazauna wurin da za a yi ginin, sun haura mutum 5,000, kuma gwamnati ce ta ɗauki nauyin biyansu diyya daga kasafin kuɗin ƙasa. Kasafin kuɗin Nijar kuwa kowa ya san nauyin da ke kansa: shekarar fari, albashi, da yanzu tsaro, tunda arewacin Mali ya faɗa hannun masu ɗauke da makamai tun farkon bana, 'yan gudun hijira kuma suna kwararowa ta Ayoru. Sharaɗin masu ba da lamuni shi ne ba za a tara ruwa ba sai an gama tsugunar da jama'a yadda ya kamata. Sharaɗi ne na gaskiya, ina goyon bayansa, amma ma'anarsa ita ce sashen da ya fi kowane rauni ta fuskar kuɗi shi ne yake riƙe da makullin sauran.

Sai batun mallakar ƙasa, wanda ya fi kuɗi sarƙaƙiya. Manomin bakin kogi yana da gonar da ya gada kaka da kakanni. Yana iya ba da aronta, ya jinginar da ita, ya bar wa 'ya'yansa. Filin noman rani da gwamnati ta shirya kuwa na gwamnati ne, hukumar ONAHA ce take kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma, kuma mai noma a ciki yana biyan kuɗin ruwa kowace kaka, idan ya kasa biya ana iya karɓe filin. Idan aka karɓi gonar gado aka ba mutum irin wannan fili, an mayar da mai gona ɗan haya, ko da shinkafar da zai girbe sau biyu a shekara ta fi geron da yake samu a da. Ana tattauna ba su haya mai dogon zango wadda ake gadonta, kuma ina fata a tabbatar da ita a rubuce kafin a tayar da kowa. Makiyaya ma suna da nasu rashin, domin ciyawar bakin kogi da mutanen yankin ke kira burgu, wadda shanu suke dogara da ita a rani, ruwa zai shanye da yawa daga cikinta, kuma makiyayi ba shi da takardar da zai nuna a ba shi diyya.

Yuli 2013

Gwamnati ta soke kwangilar kamfanin Rasha saboda jinkiri. Shekara biyu bayan ƙaddamarwa, abin da aka yi bai kai ko kusa da abin da jadawali ya tanada ba. Na yarda cewa gara a yanke yanzu da a ci gaba da jan ƙafa, amma soke kwangila irin wannan yana nufin a sake duba zane, a sake ƙiyasta farashi, a sake neman amincewar kowane mai ba da lamuni, a sake tallata aiki. Farashin siminti da ƙarfe da man fetur ba sa jiran kowa, don haka alkawuran Jidda ba za su ishi ginin ba a farashin gobe.

Disamba 2016

Shekara uku ban rubuta komai ba, domin a wurin ginin babu abin rubutawa. A ofisoshi kam an yi motsi. A 2014 Bankin Duniya ya ƙara kimanin dala miliyan 55, a bana kuma an kafa hukuma ta musamman, ABK, wadda madatsar kaɗai ce aikinta. An kammala tayar da rukunin farko, kuma darasin da aka koya yana da ɗaci: an kai mutane sababbin matsuguni kafin ruwan sha da sauran abubuwan more rayuwa su kammala, wasu kuma da aka ba kuɗi a hannu don su gina gida, buƙatun yau da kullum sun cinye kuɗin kafin ginin ya tashi. Abin takaici ne a ce mutanen da suka bar gidajensu domin Yamai ta sha ruwa su ne suka fara fama da ƙishirwa. Idan haka ta faru da mutum dubu biyar, dole a sake shiri kafin a taɓa rukuni na biyu.

26 ga Maris 2019

Shugaba Issoufou ya sake ƙaddamar da aikin, wannan karon da kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin. Kuɗin shirin gaba ɗaya yanzu ana ƙiyasta shi a kan sefa biliyan 740, wanda ya haɗa da madatsa, da tashar lantarki mai injuna huɗu, da layin wuta zuwa Yamai, da karkatar da hanyar mota da ruwa zai cinye, da filayen noma, da tsugunar da jama'a.

Sabuwar ƙidaya ta nuna cewa rukuni na biyu ya kusa mutum 50,000, ciki har da mutanen garin Ayoru, mai babbar kasuwar Lahadi inda Zabarmawa da Buzaye da Fulani da fataken Hausawa suke haɗuwa. Wannan adadi ya zarce abin da aka yi zato da farko, shi ya sa aka raba cika tafkin gida biyu. Da farko za a tsayar da ruwa a tsayin mita 224 daga matakin teku, yadda tafkin zai tsaya cikin ƙasar Nijar, daga baya a kai shi mita 228, wanda a nan ne bayan ruwan zai taɓa ƙasar Mali, sai an daidaita da su. Mita huɗu a ido ba wani abu ba ne, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a cikin waɗannan mitoci na sama ne babban kaso na ruwan yake. Saboda haka a matakin farko ba za a sami cikakken tanadin da na lissafa a 2008 ba, kuma ya dace a gaya wa jama'a wannan a fili, domin kada a yi wa manoma alkawarin ruwan da sai mataki na biyu zai samu.

Duk da haka na ga hikimar tsarin. Ya rage yawan mutanen da za a tayar a tashi ɗaya, ya rage kuɗin da ake buƙata kafin a rufe ƙofofi, kuma ya ba da damar a fara cin moriya kafin a gama komai.

12 ga Disamba 2019

Shekaranjiya an kai hari sansanin soja na Inates, a wannan yanki na Ayoru, sojoji 71 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Tun 2017 yankin yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Ga aikin madatsa, wannan yana nufin rakiyar soja ga ma'aikata da kaya, da ƙarin kuɗin da ba ya cikin ƙiyasin farko, da wahalar zuwa ƙauye-ƙauye don auna gonaki da tattaunawa da masu su, aikin da ba a yin sa daga cikin mota mai sulke.

Satumba 2020

Kogin ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya kai wajen mita 7 a ma'auni, ya fasa shinge ya shiga Lamorde da wasu unguwannin bakin ruwa, ya kuma shanye gonakin shinkafa. Na ji mutane da yawa suna cewa da an gama Kandaji da haka ba ta faru ba. Gaskiyar ita ce madatsar ba za ta hana irin wannan ambaliya gaba ɗaya ba, saboda Dargol da Sirba, waɗanda suke kawo babban kaso na jan ruwan damina, suna shiga kogin ne a ƙasa da Kandaji, tsakaninta da Yamai. Maganin ambaliyar birni yana wurin shingaye masu ƙarfi, da hana gini a hanyar ruwa, da gyaran ƙasar da ta zaizaye a yankunan da waɗannan koguna suke fitowa. Wannan zaizaya ta shafi tafkin ma, domin yashin da ruwa ke kwasowa a cikinsa zai kwanta, ya riƙa rage masa ciki shekara bayan shekara.

Labari mai daɗi na bana shi ne Bankin Duniya ya amince da ƙarin dala miliyan 150, kuma wannan karon domin tsugunar da rukuni na biyu: gidaje, ruwan sha, da hanyoyin neman abinci. Tun 2012 nake jiran ganin an sa kuɗi mai nauyi a wannan ɓangare, maimakon a bar shi ga abin da ya rage a baitulmali.

Agusta 2023

A ranar 26 ga Yuli sojoji sun hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, manyan masu ba da lamuni suka dakatar da sakin kuɗi, kuma cikin makon farko na wannan wata Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar take amfani da shi. Kwanaki kaɗan bayan haka kamfanin Gezhouba ya sanar da dakatar da aiki a Kandaji saboda kuɗi ya tsaya, aka sallami ma'aikata 'yan ƙasa.

Cikin mako biyu an ga amfanin madatsar da kuma raunin yadda aka tsara kuɗinta. Duhun da Yamai ta shiga ya nuna abin da megawat 130 na gida zai yi mana, kuma rashin wuta ya shafi ruwan famfo kai tsaye, tunda da lantarki ake ɗibar ruwa daga kogi a tace shi a tura shi unguwanni, haka nan injunan ban ruwa na gonakin shinkafa. Amma aikin da zai rage mana dogaro da waje shi kansa da kuɗin waje ake yin sa, babu wani asusu na gida da zai riƙe ɗan kwangila ko da na wata shida. Da tun 2008 an ware wani ƙayyadadden kaso daga kuɗin yuraniyom, daga baya kuma na man Agadem, an ajiye shi da sunan wannan aiki kaɗai, da yau ba a kashe injuna ba. Gini da aka tsayar a tsakiyar kogi kuma ba ya zama yadda aka bar shi: kowace cika tana cin shingayen wucin gadi da aka yi don karkatar da ruwa, kuma dawo da ma'aikata da kayan aiki yana da nasa farashi.

Mayu 2024

ECOWAS ta ɗage takunkumi a ranar 24 ga Fabrairu, wutar Najeriya kuma ta dawo a watan Maris. Zafin bana ya yi tsanani ƙwarai, kogin ya janye, tsibiran yashi sun fito a gaban gadar Kennedy. A unguwannin bayan gari famfo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, mata suna kwana a bakinsa, 'yan ga-ruwa kuma sun ƙara kuɗin jarka. Yamai da ta haura mutum miliyan ɗaya tun ƙidayar 2012 tana sha ne daga kogin da ya tsaya cak a 1985, lokacin da birnin bai kai rabin haka ba.

Abin da nake sa ido a kai yanzu shi ne ko za a dawo da kuɗin tsugunar da jama'a tare da kuɗin gini, ko kuwa za a gaggauta kankare a bar mutane a baya, domin idan aka yi haka bango zai tashi amma ba za a iya rufe ƙofofinsa ba. Mutanen rukuni na biyu sun shekara da shekaru a tsakiya. Ƙa'idar irin wannan aiki ita ce abin da aka gina bayan ranar rufe ƙidaya ba ya shiga lissafin diyya, don haka da yawa sun daina gini, sun daina dasa itatuwa, alhali 'ya'yan da aka ƙidaya suna yara yanzu sun yi aure suna neman ɗakin kansu.

Makon jiya wani dattijo daga Ayoru, abokin cinikin mahaifina tun da daɗewa, ya sauka a gidana a kan hanyarsa ta zuwa asibiti. Bayan sallar isha'i ya ce mini, "Malam, kai da kake bin labarin nan, katangar gidana ta gabas ta tsage tun daminar bara. In gyara ta, ko in bar ta tunda tashi za mu yi?" Na ce masa, "Baba, a gyara ta kafin ruwa ya sauka." Da safe na raka shi tasha, na ba shi kuɗin buhun siminti biyu.